Tambayi Mai Wuta: Wayoyi huɗu a bango, ango ya rasa ta kamawa

Tun da watan Maris ya kama, saƙonnin da ke shigo wa wannan fili suka koma na fanka kusan gaba ɗaya. Haka ake yi duk shekara. Da hunturu babu mai tunawa da ita, tana can sama ƙura ta yi mata bargo. Sai ranar da zafin Kano ya haura digiri 40, bango ya riƙa huci har bayan isha'i, sannan kowa ya ɗaga kai. Na zaɓo saƙo 4. Na farkon zai ci yawancin filin, domin kuskuren da ke cikinsa shi na fi tararwa a gidajen mutane.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba mai wuta. Saura mako 3 bikina, na kama ciki da falo a Kurna. Na sayo fankar sama mai inci 56 a Sabon Gari. Mai wayarin da muka yi magana da shi ya yi ta yi mini gobe-jibi, sai na ce bari in gwada da kaina. A silin waya 2 ce ta leƙo, ja da baƙa. A akwatin bango kuma guda 4 ne, jajaye 2, baƙaƙe 2. Na ɗauki ja ɗaya da baƙa ɗaya na ɗaura a regileta kamar yadda na ga ana ɗaura soket. Ina murɗawa sai na ji fau! Bireka ta faɗi, regileta tana warin ƙuna. Fankar ce jabu ko wayarin gidan ne ba daidai ba? Sannan silin ɗin na POP ne, a ina zan rataye ta?
Daga wani ango, Kurna

Amsa: Wa alaikumus salam ango, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar. Fankarka lafiyarta ƙalau, wutar ma ba ta isa gare ta ba. Wayarin gidan, in dai haka yake kamar yadda ka siffanta, shi ma daidai ne. Kai ne ka yi gaggawar ɗaurin aure tun kafin naka: ka haɗa ja da baƙa, su kuwa muharraman juna ne.

Soket wuri ne da ake zuwa a ɗebi wuta, shi ya sa yake buƙatar waya mai kawowa da waya mai mayarwa. Regileta ba haka take ba. Kan famfo ce. Ruwa ya shigo ta bututu ɗaya, ya fita ta ɗaya, aikinta kawai ta rage ko ta ƙara. Kuma in ka murɗa ta zuwa lambar ƙarshe, sukurorinta biyu haɗewa suke yi kai tsaye. To da ka ba ta ja da baƙa, sai wuta ta fito daga mita ta koma ba tare da ta ɗauki kayan komai ba. Ƙarar da ka ji ke nan. Bireka kuwa aikinta ta yi, ka gode wa Allah ba gidan da aka cire fis aka ɗaura zaren waya mai kauri ka kama ba. Regiletar dai ta tafi, ka sayi wata.

Wayoyi 4 ɗin nan biyu-biyu suke. Ja da baƙa ɗaya sun taho daga allon bireka, ɗaya ja da baƙar su ne suka hau sama, su ka gani sun leƙo a silin. Baƙaƙen biyu, wato nutiral, babu ruwansu da regileta ko makunni. Haɗa su za ka yi da juna a cikin kanekta, ka matse sukurori, ka tura su can ƙuryar akwatin. Kada ka murɗe su da hannu ka naɗe da baƙin salatif ka ce shi ke nan. Zafin bangon Kano yana narkar da ɗankon salatif, bayan shekara ɗaya ko biyu sai ka tarar ya warware. Jar da ta zo daga bireka, wadda muke cewa layif, ita za ta shiga makunni. Daga makunni ka ɗauki guntuwar waya zuwa sukurin regileta na farko. Sukuri na biyu kuma shi zai karɓi jar da ta hau sama. In regiletarka mai kashewa da kanta ce, kana iya barin makunnin, amma ni na fi son a sa shi, don kada kullum a yi ta murɗe-murɗe har ta kwance. A sama kuwa abin ba wuya: a wuyan fankar akwai ɗan kanekta, ja a wurin da aka rubuta L, baƙa a wurin N. In akwai koriya ko mai ratsin kore da rawaya, wayar ƙasa ce, a jikin ƙarfen fanka ake ɗaure ta. Tsofaffin gidaje da yawa a garin nan ba su da ita, amma in ka same ta kada ka yanke ta don ta dame ka. Waya mai milimita 1.5 ta ishi fanka, tunda abin da irin taka ke ci bai wuce wat 70 zuwa 80 ba.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Kada ka yarda da kala. A ƙa'ida ja ce layif, baƙa nutiral. A sabon tsari kuma, wanda za ka gani a wayoyin kayan da ake shigowa da su, ruwan ƙasa ce layif, shuɗiya nutiral. Amma na shiga gidajen da duk wayar ja ce daga ƙofa har makewayi, don ita ce naɗin da ya rage wa mai aikin. Na ga inda baƙa ce ke ɗauke da wuta. Testa ce alƙali, ita ma sai ka fara gwada ta a soket ɗin da ka san yana da wuta, don testar da ta mutu shiru take yi, kai kuma ka ɗauka lafiya. Yadda ake gane layif: a kashe bireka, a ware bakin wayoyin nan 4 kada wata ta taɓa wata, a kunna, a ɗora testa a kan kowace, wadda ta kama a tuna da ita, a sake kashe bireka, sannan a yi mata alama. Wannan ne kaɗai lokacin da ake barin wuta a wayar da ke tsirara, kuma in hannunka na rawa, nan ne wurin da za ka haƙura ka jira mai sana'a. Ba abin kunya ba ne.

Me ya sa na nace makunni ya zauna a kan layif? Domin ko a kan nutiral ka sa shi fanka za ta yi aiki. Za ta kunnu, za ta mutu, babu wanda zai san da matsala. Sai dai in an kashe ta, wutar tana nan kwance a cikin koyil, wato naɗin wayar da ke cikin kan fanka, tana jira. Ni da jikina na koyi wannan. Ina yaron shago, shekarata ba ta fi 16 ba, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya tura ni wani gida a Fagge in sauya kafasita, ɗan gwangwanin da ke taimaka wa fanka tashi. Na danna makunni, fanka ta tsaya, na kifa durom na hau, na kama waya da yatsa ina riƙe da rodin fankar da ɗaya hannun. Abin da na sani kawai shi ne na ji kamar an zuba mini taɓarya a kafaɗa, sai ga ni a ƙasa, durom yana gangarawa tsakar gida, matar gidan tana salati. Har yau tabon yana gwiwar hannuna ta dama. Da na koma shago ina jiran a lallashe ni, maigida bai ce sannu ba. Ya miƙo mini testa ya ce, "Wannan a aljihunka take ko a kasuwa?" Ka tuna amaryarka za ta hau kujera da jiƙaƙƙen tsumma ta goge ƙurar fukafukan nan, ta amince da makunnin da ka sa.

Haka kuma kada ka ce ai an ɗauke wuta, bari in yi sauri kafin a kawo. Wuta ba ta sallama. Ka kashe bireka ko da unguwar duhu ce, ka gaya wa mutanen gidan kada wanda ya taɓa. In gidan haya ne mai layin janareta ko sola, ka duba wannan ma, don sau da yawa layin fanka da fitilu shi ake ɗorawa a kan inbata, sai ka kashe na NEPA alhali batir yana ba da tu-twanti cikakkiya, wato bolt 220. NEPA na ce, ka gani. Tun 2013 KEDCO ke rabon wuta a Kano da Katsina da Jigawa, amma bakin tsoho ya riga ya saba.

Sai maganar ratayewa, wadda a wurina ta fi ta waya nauyi. Wayar da aka haɗa ba daidai ba galibi bireka za ta tona mata asiri nan take. Fankar da aka rataye ba daidai ba kuwa sai ta yi shekara tana yi maka biyayya, sannan ta sauko da dare. POP ado ne, ba ya ɗaukar kaya. Siraran katakon da aka kafa shi a kansu, tu-bai-tu, su ma ba za su iya ba. Fanka tana kai kilo 5 zuwa 7, kuma ba nauyi ne mai zama shiru ba, kullum girgiza yake yi, yana cin ƙusa a hankali. Ka leƙa ta ramin da wayar ta fito da tocilan. In rufin kankare ne, mai yiwuwa ka ga ƙugiyar rodi da aka zuba kankare da ita. Wannan ita ce mafi aminci, sai dai a ƙara tsawon rodin fanka ya sauko ƙasan POP. In rufin kwano ne, sai kafinta ya shiga sama ya gitta katako mai kauri, tu-bai-fo ko fiye, a kan manyan katakan rufin guda biyu, ko mai walda ya yanko maka ƙarfe, a ɗaure ƙugiyar da noti. Ya ƙwanƙwasa katakon ya ji, don gara tana cin ciki ta bar fata. A cikin birni na sha rataye fanka a jikin azara, kuma azarar giginya mai lafiya ta fi katakon zamani da yawa riƙo.

A cikin kwalin fankar za ka ga wata 'yar roba mai kama da taya, da dogon sukuri da noti, da wani ɗan siririn fin mai ƙafa biyu. Robar ita ke zama a cikin ƙugiya ta shanye girgiza. Fin ɗin nan kuwa, wanda yara ke sharewa da shara, shi ne ke hana noti kwancewa. Ka zura shi a hudar bakin sukurin ka buɗe ƙafafunsa da filaya, sama da ƙasa duka, wato wurin ƙugiya da wurin da rodi ya haɗu da kan fanka. In akwai siririyar igiyar ƙarfe a kwalin, ka ɗaure ta a ƙugiya, ita ce ta biyu in ta farko ta ci amana. Kusan duk fankar da aka kira ni na gani a ƙasa, in na duba, fin ɗin nan babu shi.

Fukafukai su zo a ƙarshe, bayan kan ya rataya, don kada su lanƙwashe a hannunka. Tsakaninsu da ƙasa kada ya gaza mita 2.3, tsakaninsu da silin kuma a bar kamar ƙafa 1 don ta sami iskar ja. Ɗakunan haya da yawa gajeru ne. In rodin ya yi tsawo a yanke a sake huda. Ni ma'aunina shi ne dogon mutum ya tsaya ya ɗaga hannu zai saɓa babbar riga. Kai da za ka sa malum-malum ranar ɗaurin aure, ka gwada da kanka. Kuma kada ƙwan fitila ya kasance a saman fukafukai, in ba haka ba ɗakin zai riƙa walƙiya har kan amarya ya yi ciwo.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Fankar ɗakina ta shekara 6. Yanzu ko a lamba 5 tafiyar hawainiya take yi, wani lokaci ma sai na tura ta da muciya take tashi. Maigida ya ce ta mutu a sayi sabuwa, ni kuma ina ganin asara ce. Wa ya fi gaskiya?
Daga wata uwargida, Rijiyar Zaki

Amsa: Hajiya, ba zan shiga tsakaninki da maigida ba, amma ki ce masa ya ɗan dakata da kuɗinsa. Fankar da ke jiran a tura ta, sau da yawa kafasita ce ta gaji. Wani ɗan gwangwani ne fari ko baƙi, bai fi babban yatsa ba, yana ɓoye a cikin kofin da ke saman kan fanka. A cikin fanka koyil 2 ne, kafasita ce ke sa ɗaya ya riga ɗaya motsi, shi ne abin da ke ba ta hanyar juyawa. In ta raunana sai fanka ta tsaya tana gurnani ba ta san inda za ta nufa ba, har sai muciyarki ta nuna mata. Ki daina turawar, kuma kada a bar ta a kunne tana tsaye, don a nan ne koyil ke dahuwa.

Kafin a sayo komai, a kashe bireka a juya fukafukan da hannu. In sun yi ta yawo sumul, boris, wato ƙwallayen ƙarfen da fanka ke juyawa a kansu, lafiya. In sun cije ko suna ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ƙurar hunturu ta shiga boris, sai a sauya shi. Ki lura kuma ko da magariba ne kawai take sanyi, lokacin da kowa ya kunna kaya. In duk fankokin gidan tare suke raguwa, wutar ce ba ta da ƙarfi, ba laifin fanka ba. In kuwa kin taɓa jin warin ƙonanniyar roba daga sama, to koyil ne, sai masu naɗi.

Kafasitar yawancin fankokinmu mikrofarad 2.5 ce, in aka ce wa mai shago tu-foyin-fayif ya gane, kuma kuɗinta bai kai na mudun shinkafa ba. A tafi da tsohuwar a sayo mai lamba irin tata. Akwai masu cewa a sa 3.5 ko 4 don ta yi gudu. Za ta yi gudun kuwa, kamar jakin da aka sa wa barkono, sannan ta ƙone. Wanda zai sauya ya ɗauki hoton wayoyin da wayarsa kafin ya kwance, kuma ya haɗa ƙafafun tsohuwar da bakin sukundireba mai mariƙin roba, don takan riƙe ragowar wuta. In an gama aka ga fanka na gudu amma babu iska a ƙasa, baya take juyawa: wayar wuta ta koma ɗaya ƙafar kafasitar, sai a mayar da ita. Gefen fiffiken da ya fi tashi sama shi ya kamata ya riƙa yin gaba.

Tambaya: Baba, na sa 'yar ƙaramar regileta mai kyau, irin wadda ake murɗawa babu lamba, don ta dace da makunnan falona. Tun daga nan fanka take kuka kamar ƙudan zuma in na rage ta. In muka koma inbata abin ya fi muni. Kuma da gaske ne rage gudun fanka ba ya rage cin mita?
Daga wani ma'aikaci, Hotoro

Amsa: Ɗana, ina zargin regiletar rage hasken fitila aka sayar maka, ko 'yar uwarta ta fanka mai araha. Irin waɗannan daddatsa wutar suke yi. Wutarmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, su kuma sai su yanke wani yanki na kowane zuwa. Ƙwan fitila bai damu ba, amma koyil yana jin kowace yanka, shi ne kukan da kake ji. Ka nemi mai lamba 1 zuwa 5 wadda ke yin ƙas-ƙas in ana murɗawa, mai ƙananan kafasita a ciki. Akwai ta daidai girman makunni, ba za ta ɓata maka ado ba. In an sauya kukan bai daina a kan inbata ba, to inbatar ce ba ta fitar da wuta mai santsi irin ta layi, kuma wannan babu regiletar da za ta gyara shi.

Maganar mita, rabin gaskiya ce ta tsufa. Akwai tsofaffin regileta masu babban akwati da huda-huda, waɗanda in ka dafa za ka ji ɗumi. Wani kaso na abin da suka hana fanka suna mayar da shi zafi ne a bango. Mai kafasita ba ta yin haka, in ka rage gudu ka rage ci. Tunda kana kan batir, ka yi wannan lissafin: fanka mai wat 75 a awa 8 na dare ta sha wat-awa 600. Sababbin nan masu rimot da ake kira BLDC wajen wat 30 suke ci, wato 240 a daren. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, kuma in na ruwa ne rabin wannan ya kamata ka taɓa. In ka sayi mai rimot, kada ka bi da ita ta regileta ko kaɗan, makunni kawai take so.

Tambaya: Ranka ya daɗe, muna da fanka 6 a masallacin unguwarmu. Don rage kashe kuɗi muna so mu ɗora su duka a kan regileta ɗaya ko biyu. Zai yiwu?
Daga wani ɗan kwamitin masallaci, Gwammaja

Amsa: Allah ya saka da alheri, Alhaji, amma a'a. Kowace regileta an auna ta ne da fanka ɗaya. In aka ɗora mata 2 ko 3, mai kafasita za ta sa duk su yi rarrafe a ƙananan lambobi, tsohuwar mai akwati kuma za ta yi zafi har ta ƙone. In kuɗin ne babu, ku bar regileta gaba ɗaya, ku sa makunni ɗaya ga kowane sahu su riƙa gudu a cike. A watan Afrilu babu mai ƙorafi. In da hali, kowace da tata, a jera su wuri ɗaya kusa da inda ladan yake, sama da inda hannun yara ke kaiwa. Ku rubuta lamba a jikin kowace regileta da kofin fankarta, don dattijon da sanyi ya dama a sahun gaba kada ya kashe wa na baya tasu.